Yadda ake gano yoyon rufin motar kwana, a toshe shi, a kawar da funfuna

A Katsina da Daura damina wata huɗu ce kawai, daga Yuni zuwa Satumba, shi ya sa mai motar kwana ba ya cika kawo yoyo a ransa. Amma watanni takwas ɗin da ba a ruwa su ne suke lalata rufin. Hunturu yana busar da roba da gam, ƙura ta cika duk wata tsaga, sannan zafin Maris zuwa Mayu, da yakan haura digiri 40, ya sa ƙarfe ya buɗe da rana ya tsuke da dare har gam ɗin ya saki. Ruwan farko na zuwa sai ya tarar da hanya a buɗe. Kafin malkar Agusta ta wuce, katakon da ke bayan silin ya sha ruwa ya ƙoshi, mai mota bai ga ko ɗigo ɗaya ba.

Bayanin nan ya shafi motocin kwana 'yan Kwatano da aka ƙera a Turai ko Amurka, da bas irin HiAce, Coaster da Sprinter da aka mayar ɗakin kwana ko asibitin tafi-da-gidanka, da karaban, wato ɗakin da ake ja da mota, irin wanda ma'aikatan hanya suke kwana a ciki. Tsarin aikin ɗaya ne, kuma jerinsa ba ya sauyawa: a tsayar da ruwan, a busar, sannan a wanke. Wanda ya fara da wanki zai sake wanki bayan mako biyu.

Me ya sa funfuna take saurin kama mota

Ƙwayoyin funfuna suna yawo a iska ko'ina, ba a iya hana su shiga. Abin da suke jira shi ne danshi, domin abinci yana nan a wadace: filawud, takardar ado da ke manne a bango, gam, yadin labule, har ƙurar hunturu da ta kwanta a lungu. Abu ya jiƙe ya kwana ɗaya zuwa biyu, awa 24 zuwa 48, funfuna tana iya fara tsiro a kansa. Katakon da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 ya daɗe a haka, ruɓewa zai biyo baya. Mota kuwa ƙaramin ɗaki ne da ake kullewa ruf a tafi a bari, ga ɗumi ga duhu, kamar tuwon da aka rufe a kwano aka manta da shi.

Mataki na farko: bincike daga ciki

Hanci ake fara sawa. Kulle motar ta kwana, da safe ka buɗe ƙofa ka shaƙa kafin iska ta shiga. Warin rima, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, shaida ce ko da ido bai ga komai ba. Kada a sa turaren wuta kafin wannan gwaji, kuma kada a ɗauke shi magani daga baya. Ƙamshi yana rufe warin ne, funfunar tana nan tana ci.

Ɗauki tocila ka haska silin a karkace, hasken yana bin fuskarsa, ba kai tsaye ba. A haka ne kumburi da tattarewar takarda suke fitowa fili. Duba kewayen tagar sama, kewayen esi, kusurwa huɗu na rufin, da gadon da ke saman direba idan motar tana da shi, don nan ne mahaɗin gaba yake shan iska da ruwa in ana tafiya. Buɗe kowane kabad na sama ka zura hannu can ƙurya. Danna bango da babban yatsa: lafiyayyen filawud ba ya lotsawa. Ƙwanƙwasa da ƙotar sukurudireba. Inda sautin ya mutu, katakon ya jiƙe ko ya rabu da abin da ke bayansa. Kan sukuru mai tsatsa a cikin ɗaki, shati mai launin ruwan ƙasa mai kama da taswira, da ɗige-ɗigen baƙi ko kore a ƙasan katifa duk alamu ne. Kayan fata da darduma da aka bari a ciki sukan riga komai nunawa.

Idan da hali, a sayi na'urar auna danshin katako mai allura biyu. Ma'aunin da masu duba irin waɗannan motoci a Ingila suke bi yana da sauƙi: ƙasa da 15 lafiya lau, 15 zuwa 20 a sa ido a sake aunawa, 20 zuwa 25 akwai alamar ruwa ya fara shiga, 25 zuwa 30 yana shiga tabbas, sama da 30 kuwa a sa ran katako ya fara lalacewa. Kada allurar ta taɓa ƙarfe ko waya, za ta ba da lamba ta ƙarya. Rubuta lambar kowane wuri a takarda, domin da ita za ka san ko busarwa tana tafiya.

Ba kowane danshi ne yoyo ba. Mutum uku su kwana a mota a kulle, a dafa shayi a kan gas, da asuba sai ka ga rufin ƙarfe yana gumi. Bambancin shi ne gumi yana bin duk wuri mai sanyi, gilashi da ƙarfe, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Yoyo kuwa wuri ɗaya yake dawowa, kuma bayan ruwan sama. Akwai na uku: ruwan da esi yake fitarwa. Idan ƙura ta toshe ramukan magudanarsa, sai ya taru ya gangaro cikin ɗaki a ranar da ko gajimare babu.

Mataki na biyu: hawa rufi

Je da sassafe, rufi a bushe, tsani a ɗaure, wani yana riƙe. Yawancin rufin nan ba a yi su don taka ƙafa ba, saboda haka shimfiɗa falen filawud mai kaurin milimita 12 a kan tsohon bargo ka durƙusa a kai, nauyinka ya bazu. Inda ka ji rufin yana lotsawa, ja da baya.

Kafin ka sayi komai, san irin rufinka, don nan ne mafi yawan kuɗi yake salwanta. Motocin Amurka galibi shimfiɗar roba ce a kan katako, irin da ake kira EPDM ko TPO. EPDM yakan bar farin gari a tafin hannu idan ka shafa. Na Turai yawanci faiba ne ko alminiyam. Bas ɗin da aka gyara a gida kuwa ƙarfe ne mai fenti. Rufin roba ba ya shiri da duk abin da aka yi da man fetur. Fetur, kananzir, kwalta da tef mai kwalta da ake liƙa wa kwanon gida suna kumbura shi, ya saki daga katakon. Wanda ya ce maka a zuba kwalta a huta, rufin gida ya sani, ba wannan ba.

Wanke rufin da ruwa da ɗan omo da burushi mai laushi, a ɗauraye, ya bushe. Sai a bi duk inda aka taɓa huda shi: tagar sama, fankar banɗaki, esi, ƙafafun sola da ramin wayarta, eriya, ƙafafun keriya, tsanin baya, da dogon mahaɗin da rufi ya gamu da bango a hagu da dama. Sa farce a gefen gam ɗin. Idan ya ɗago, ko ya tsage kamar busasshiyar laka, ko akwai baƙin layin ƙura a ƙarƙashinsa, ruwa yana bi ta nan. Tsagar da ta kai kaurin gashi ta isa. Duba murfin tagar sama ma, rana tana cinye robarsa ya zama garas-garas. Motar da take kwana a gindin bedi, kwashe ganye da 'ya'yan da suka toshe kwatar gefen rufi, don ruwan da bai samu hanya ba yakan kwanta a kan mahaɗi.

Mataki na uku: gwajin ruwa

Inda tabo ya fito a silin ba lallai nan ne ramin yake ba. Ruwa yana bin sandunan rufi da wayoyi, ya yi tafiyar mita ɗaya ko biyu kafin ya ɗigo, musamman idan motar a karkace take tsayawa. Don haka ake gwaji da mutum biyu: ɗaya a sama da tiyo, ɗaya a ciki da tocila, kabad duka a buɗe. Inda babu famfo, jarka huɗu ko biyar daga wurin ɗan garuwa da buta sun wadatar. Ba a son ruwa mai ƙarfi irin na injin wankin mota, yana tura ruwa inda ruwan sama ba zai shiga ba, yana kuma yaga gam mai lafiya.

Fara daga ƙasa ka yi sama: tagogin gefe, sannan mahaɗin rufi da bango, sannan abubuwan da ke kan rufin ɗaya bayan ɗaya. Ba kowane wuri minti biyar zuwa goma, ka dakata, na ciki ya duba. Idan ka jiƙa rufin gaba ɗaya a lokaci guda, ruwa zai shigo amma ba za ka san ta ina ba. Ka samu rami ɗaya, kada ka sauko. Tsohuwar mota ba ta cika tsayawa a ɗaya ba.

Mataki na huɗu: toshewa

Idan hadari ya haɗu kuma babu kayan aiki a hannu, rufe da tamfol, a ɗaure shi ta ƙarƙashin mota, a sa tsumma a kusurwoyi kada ya goge fenti. Wannan na kwana biyu ne. Tamfol da aka bari manne da rufi wata guda yana riƙe danshi a ciki.

Gyara na gaskiya yana farawa da cire tsohon gam. Yi amfani da abin kankara na roba ko na katako, ba wuƙa ba, musamman a rufin roba. Goge wurin da tsumma mai ɗan sifirit, ka bari ya bushe sarai. Gam ba ya kama ƙura, ba ya kama danshi, ba ya kama maiƙo, kuma yawancin gyaran da ya saki bayan wata uku a wannan mataki aka yi masa gaggawa.

Silikon ɗin banɗaki da na gilashi, wanda ake samu a kowane shagon kayan gini, shi ne babban tarko. Yana da arha, yana kyau a ranar farko, sannan rana da jijjigar hanya su ɗaga gefensa, ruwa ya shige ƙarƙashi ya maƙale. Abin da ya fi muni, babu abin da yake kamawa a inda aka taɓa shafa shi, har da sabon silikon, sai an kankare shi tas. A rufin ƙarfe, alminiyam da faiba, nemi gam na mota irin Sikaflex 221 ko 522. A rufin roba, nemi wanda aka rubuta a jikinsa cewa ya dace da EPDM ko TPO, irin Dicor mai baje kansa don shimfiɗaɗɗen wuri, da mai tsayawa don gefe. Yaga ko dogon mahaɗi ana rufe shi da tef irin EternaBond, ya wuce yagar da santimita 5 ta kowane ɓangare, a danne shi da ƙarfi da abin murzawa, domin dannawa ce take sa shi kamawa. Waɗannan kaya ba a cika samunsu a gari ba. Sau da yawa sai an aika Kano ko Legas, ko an yi oda ta intanet, dalilin da ya sa ake fara shiri tun Afrilu. Duba ranar ƙarewar aiki a gindin kwalbar. Irin wannan gam yakan yi kamar shekara ɗaya a ajiye, kuma wanda ya sha zafin shago yakan daskare tun bai fito ba.

Tagar sama da ta daɗe tana yoyo ba a gyara ta da shafe daga waje. Kwance sukurorinta, ɗaga ta a hankali, kankare fuskokin biyu. Ramin yawanci santimita 40 ne ta kowane gefe a motocin Turai, kusan 36 a na Amurka. Duba katakon da ya kewaye shi. Idan sukuru yana juyawa ba ya kamawa, katakon ya ruɓe, sai kafinta ya sa sabo busasshe. Manna tef ɗin butil, wato roba mai danƙo da ba ta ƙamewa, mai kaurin milimita 3 da faɗin 20 zuwa 25, a ƙasan leɓen tagar, layi ɗaya ba yankewa, bakin biyu su haɗu a ɓangaren baya. Mayar da ita, ɗaure sukurori marasa tsatsa da hannu, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, har butil ɗin ya ɗan fito. Ɗaurin da ya wuce haka yana fasa leɓen roba. Sai a bi gefen da kan kowane sukuru da gam. Kwalba ɗaya mai mililita 300 takan ishi taga ɗaya.

A yi shafen tsakanin ƙarfe bakwai da goma na safe ko bayan la'asar. Rufin da ba za ka iya ɗora tafin hannu a kansa ba ya yi wa gam zafi, zai yi kumfa. Gam irin Sikaflex da danshin iska yake ƙamewa, kimanin milimita 3 a awa 24, kuma a busasshiyar iskar hunturu ya fi haka jinkiri. Ba shi kwana biyu kafin gwajin ruwa na biyu, wanda dole ne a yi.

Esi na kan rufi ba gam yake riƙe da shi ba, soson roba ne mai kusurwa huɗu da dogayen notuna suke matsewa daga ciki. Cire murfin ciki ka gwada notunan. Ramukan hanya suna sassauta su. A ɗaure daidai wa daida har soson ya matsu kamar rabi. Idan ya riga ya baje ya mutu, canza shi ake yi, kuma ɗaga esi aikin mutum biyu ne.

A bas mai rufin ƙarfe, tsatsa ce take huda kwatar gefe da ramukan da aka fasa don keriya ko sola ba a shafa musu komai ba. A goge har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fenti na hana tsatsa, a bi mahaɗin da gam, a yi fenti. Bodi fila shi kaɗai yana shan ruwa ya tsage. Idan ramin ya kai a yi walda, a sauke silin da soson da ke ƙarƙashi, a fitar da tukunyar gas, a cire kan batir, a ajiye bokitin ruwa kusa. Soso yana iya cin wuta a ɓoye bayan mai walda ya tafi.

Mataki na biyar: buɗewa da busarwa

Cire wutar NEPA ko janareta da kan batir tukuna, saboda ruwa yakan taru a cikin fitilun silin. Fitar da katifa, labule, kafet da duk kayan da ke kabad. Sauke silin ɗin da ya jiƙe, ka ci gaba da buɗewa har santimita 30 bayan inda danshi ya ƙare. Mutane suna jin ciwon yanka silin mai kyau, amma abin da ke fuskarsa ɗan kaɗan ne a kan abin da ke bayansa. Audugar hana zafi da ta jiƙe a zubar. Filawud da ya kumbura ya rabu falle-falle a zubar. Sandar katako da sukurudireba yake nutsewa a cikinta a canza ta. Wadda take da tauri, baƙi ne kawai a fuskarta, za ta gyaru.

Buɗe ƙofofi da tagogi, a sa fanka biyu, ɗaya tana hura wurin, ɗaya tana fitar da iska waje. A ajiye motar a ƙarƙashin rumfa idan damina ce. A watan Agusta iska kanta a jiƙe take, busarwa za ta iya cin mako ɗaya zuwa biyu, a hunturu kuwa kwana biyu zuwa uku. Kada a sa kurfoti ko risho a ciki don a gaggauta: ga haɗarin gobara, ga hayaƙin gawayi mai kisa, kuma gas da kananzir tururin ruwa suke ƙarawa. Ba a mayar da silin sai na'ura ta nuna ƙasa da 15 kwana biyu a jere.

Mataki na shida: wanke funfunar

Idan faɗin wurin da funfunar ta kama bai kai murabba'in mita ɗaya ba, mutum zai iya da kansa. Ya wuce haka, ko ta shiga bututun iskar esi, aikin ya zama na kwance ɗaki, a nemi ƙwararru. Sa takunkumi N95, safar hannu ta roba da tabarau mai rufe gefe; rawani ko ƙyalle ba ya tare ƙwayoyin. Mai asma, mai juna biyu, yara, tsofaffi da duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kada su matso. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi kowa bukatar kiyayewa, domin akwai nau'in funfuna, Aspergillus, da yake iya zama a ramukan da cutar ta bari a huhu.

Kada a share funfuna a bushe, tashi take ta cika ɗakin. Fesa mata ruwan omo ta jiƙe, a goge da burushi ko soso, a kwashe da tsumma, tsumman ya shiga leda a ɗaure. Wannan gogewar ita ce ainihin aikin, saboda funfuna ko ta mutu tana sa atishawa da ƙaiƙayin ido muddin tana wurin. Bayan haka, a abubuwa masu santsi kamar roba, faiba da fomaika, a shafa ruwan bilic irin Jik ko Hypo, kofi ɗaya, kimanin mililita 250, cikin lita 4 na ruwa. A bar shi minti goma, a ɗauraye, a busar, ƙofofi a buɗe. Bilic yana cin alminiyam da ƙarfe, a nan farin binega ya fi. Amma kada a taɓa haɗa bilic da binega, ko a haɗa bilic da maganin wanke masai ko wani abu mai amoniya: iskar da take tashi guba ce, a ɗaki ƙarami irin wannan tana iya kayar da mutum.

Katako mai tauri a goge shi da ruwan omo, ya bushe, a bi shi da sanfefa da takunkumi a fuska, a share garin da jiƙaƙƙen tsumma. Fenti a kan funfuna ɓata fenti ne, zai ɓare. Rigar katifa da labule a wanke da ruwan zafi, digiri 60 idan yadin zai jure, a shanya a rana. Soson katifa da baƙi ya shiga cikinsa ba ya wankuwa, a rabu da shi, kuma kada a ba wani ya kwanta a kai. Cire matatar esi a wanke kafin a sake kunna shi.

Wanda ya kwana a motar yana tari, toshewar hanci ko shessheƙar numfashi da suke sauƙi idan ya bar ta, ya daina kwana a ciki har a gama aikin. Tarin da ya wuce mako biyu, ko mai jini, ko mai zuwa da zazzaɓi, asibiti za a je, a kuma gaya wa likita inda ake kwana.

Bayan gyara

A hau rufi sau biyu a shekara: ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwan farko, da Oktoba bayan ɗaukewarsa, a ƙara da duk lokacin da reshe ya goge motar. Da damina a shiga a duba bayan kowane ruwa mai ƙarfi, musamman mai iska da yake bugowa daga gabas, a kuma juya motar yadda tagogi da ƙofa ba sa fuskantarsa. A tsayar da ita da ɗan gangare, santimita 5 zuwa 8 ta gaba ko ta baya, don ruwa ya sauka. Idan za a ajiye ta, a jingine katifu a tsaye, a bar kabad da firij a buɗe, a kwashe hatsi da kayan fata, a bar ƙofofin shan iska ba a toshe ba. Ƙaramin agogon auna danshin iska da za a rataye a ciki yana da amfani: duk ranar da ya haura kashi 60, a buɗe motar a kunna fanka na awa biyu da tsakar rana.